Zanen Biro a Hannun Mai Agogo

To, kama rubutu. Labarin Sista ta ɗakin wankin ƙoda zan ba ka, wadda ta yi wa kakarka hidima shekara huɗu, ina zaune a bencin ƙofa ina kallo. In na yi sauri ka tsayar da ni.

Ita Sistar nan 'yar mai faci ce. Ubanta yana da rumfa a bakin titi, da wani baho na baƙin ruwa da yake tsoma robar cikin taya ya ga inda take fitar da kumfa. Tun tana 'yar shekara bakwai ita ke kai masa abincin rana. Wata rana bahon ya fashe, ruwa ya tsiyaye, ga mai mota tsaye yana ta masifa. Sai yarinya ta ɗauki robar, ta rufe ido, ta bi ta da yatsa a hankali, ta tsaya ta ce, "Baba, ga shi nan." Aka duba, hujin ko bakin allura bai kai ba. Uban ya riƙe hannunta ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Waɗannan yatsun ba na faci ba ne. Allah ya nuna mana na mene ne."

Ta yi karatu ta zama nas. Da farko ɗakin yara aka kai ta, inda in jariri ya bushe aka rasa jijiyar da za a sa masa ruwa, sai ka ji ana cewa a kira 'yar mai faci. Da aka buɗe ɗakin wankin ƙoda, gado shida da inji shida, aka ɗauko ta aka kawo. Ta shiga da ƙuruciyarta, ba ta fito ba har furfura ta cika mata kai.

Bari in gaya maka yadda aikin yake, don ka gane abin da ya riƙe ta. Wanda ƙodarsa ta daina aiki, ruwan da ya sha ba ya fita, dattin jininsa ma ba ya fita. Sai a haɗa shi da inji, jini ya fita ta allura ɗaya, a wanke shi, ya dawo ta ɗaya. Awa huɗu, sau uku a mako, har iyakar rai. Allurar kuwa ba irin ta zazzaɓi ba ce, kaurinta ya kai tsinken ashana. Jijiyar mutum ta yau da kullum ba ta ɗaukarta, shi ya sa likita ke yin 'yar tiyata a hannu, ya haɗa jijiya biyu ta yi kauri. Mutanen ɗakin hanya suke ce mata. In ka ɗora yatsa a kai za ka ji tana zuuu, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Muddin tana wannan kukan, mutum yana da hanya. Ranar da ta yi shiru ta mutu ke nan. Ba a kwanciya a kan hannun, ba a ɗaukar kaya da shi, ba a ɗaura masa komai da zai matse shi, ko agogo ne. Kuma hanyoyin da jikin mutum zai iya bayarwa ƙidayayyu ne. In sun ƙare sai a sa roba a wuya, ita kuwa robar wuya ba ta da amana, wani zazzaɓi take jawowa mai kayar da ƙato.

To ita Sista, in za ta sa allura ba ta kallon hannun. Sai ta ɗora yatsu uku, ta juya fuska tana kallon bango, tana zolayar mai hannun. Kafin ya gama ba ta amsa allura ta shige, har ta manna filasta. Duk wanda hanyarsa ta yi zurfi, ko ta karkace, ko take gudu ƙarƙashin fata, sai a tura mata shi. A hankali masu wuyar hannu suka taru a layi ɗaya, Litinin da Laraba da Juma'a da safe. Su shida. 'Yan Sista ake ce musu.

Sau ɗaya ta taɓa ɗaukar hutu mai tsawo, lokacin da mijinta ya rasu. Ta dawo ta tarar da hannun wata mata ya kumbura kamar taɓarya. Wanda ya riƙe mata aiki ya huda hanyar ta fashe. Aka sa wa matar robar wuya, ba ta yi wata biyar ba ta rasu. Babu wanda ya ce laifin Sista ne. Amma tun daga ranar in ta ce za ta yi tafiya sai ɗakin ya yi tsit, ita ma sai ta fasa. 'Yarta tilo ta yi aure a nesa, ta haihu sau biyu, a waya ta fara ganin jikokin. An ba ta ofis a bene, da kujera mai juyawa, ta ce a ba wani. Uwarta tana can garinsu, tafiyar yini guda cur. Sai ta hau mota ranar Asabar da sassafe, ta isa da yamma, ta kwana, ta juyo Lahadi. An ce alheri danƙo ne. To ai danƙo in ya kama mutum ba ya saki.

Ba wai babu wani mai hannu a ɗakin ba ne. Akwai Dogo, nas ne shi ma, magidanci mai 'ya'ya biyar, shekararsa goma sha ɗaya a wurin. Shi ke sa wa 'yan Talata da Alhamis da Asabar allura, ba a taɓa jin ya ɓata hannun kowa ba. Amma in ya zo layin Sista, injin kawai yake haɗawa. Da farkon zuwansa yakan ce, "Sista, bari in gwada na gado biyu." Sai ta ce, "Bari in yi, Dogo, lokaci na tafiya." Yau lokaci na tafiya, gobe lokaci na tafiya, har ya daina tambaya. Wannan kam laifinta ne, kuma ta sani.

Cikin shidan nan, uku za ka riƙe. Akwai Direba, wanda ya yi shekara ashirin yana jan babbar mota, mutum mai shan ruwa kamar raƙumi. An ce kada ya wuce kwalba ɗaya a yini, shi kuwa ko tulu ya gani sai ya gaishe shi. Kafin a hau gado sai an hau sikeli a ga ruwan da mutum ya tara. Direba sai ya cire takalmi, ya cire hula, ya ajiye waya, ya fitar da numfashi, sannan ya hau.

"Kilo huɗu, Direba."

"Wallahi Sista makullai ne, na manta su a aljihu."

"Makullan kilo huɗu? Na gidan yari aka ba ka ajiya?"

Akwai Malama, tsohuwar malamar makaranta, wadda in ta yi magana sauran ke bi. Sai kuma Mai Agogo. Shi ɗan ƙaramin dattijo ne, yana da akwatin gilashi a ƙofar kasuwa inda yake gyaran agogo. Shekararsa bakwai a kan inji. Hanya biyu sun mutu a hannun hagu, ɗaya ta mutu a wuyan hannun dama. Abin da ya rage masa ɗan wuri ne a saman gwiwar hannun dama, bai fi tsawon yatsa ba, ga zurfi ga karkata. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri, daga wannan babu wata. Kullum da asuba kafin ya buɗe ido sai ya laluba ya ji tana kuka, sannan ya yi salati.

Ana nan, ran wata Laraba da rana, ƙanin Sista ya bugo waya. Ya ce Inna ta faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye, an duba an ce tsufa ya yi yawa ba za a yi aiki ba. Tana kwance, ba ta juyawa sai an juya ta.

"Yaya, ni namiji ne, matata kuma ga goyo. Bayan Inna ya fara ja. Kin yi wa mutanen duniya jinya shekara talatin. Ita fa ta haife ki."

Ta hau bene ta cike takardar hutun mako uku.

Ranar Juma'a, da ta gama haɗa kowa, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta gaya musu. Injuna shida suna ta juyawa. Can Malama ta ce, "Allah ya ba ta lafiya. Mu kuma wa kika bar mana?"

"Ga Dogo."

"Dogo ai ɗanmu ne, muna sonsa," in ji Direba. "Amma ko a mota akwai direba akwai mai duba taya."

Dogo ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da rubutu a fayil.

Mai Agogo ya jira sai da aka sauke shi daga inji. Ya riƙe audugar a kan hujin yana kallonta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "'Yata, ba zan ce kada ki je ba, uwa ba wasa ba ce. Amma ki gaya masa yadda kike yi."

Ta kira Dogo, ta kama yatsunsa ta ɗora a wurin. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ga ba ta da kalmomin. Yaya za ka gaya wa mutum abin da yatsa ya sani? Sai ta zaro biro daga aljihu. Ba ta zana a kan hanyar ba, don sifirit ɗin da ake goge wurin zai cinye tawadar. A gefe ta zana, tazarar yatsa biyu. Ta ja layi yadda hanyar ta karkata, ta yi kibiya biyu inda allura za ta shiga, ta ɗiga ɗigo uku inda ba a taɓawa ko da wasa.

"Ka shiga a kwance, kada ka tsaya tsaye a kanta. In ka ji ta zille, kada ka bi ta, ka dakata, za ta dawo."

Dogo ya duba, ya lalluba, ya gyaɗa kai. Mai Agogo kuwa ya ɗaga hannun yana kallon zanen kamar an ba shi takardar gida.

Asabar ta yi tafiyarta. Ta tarar da tsohuwa ta ƙanƙance a kan katifa, ɗakin yana warin fitsari. Ta ajiye jaka ko mayafi ba ta cire ba, ta ɗora ruwa. Ta wanke ta tas, ta shafa mata mai a baya, ta naɗe tsumma ta tokare mata ƙugu, ta sa wa kanta doka duk awa biyu sai ta juya ta. Tsohuwa tana kallonta da gefen ido. Da aka zo tsefe mata kai sai ta ce, "Ashe da gaske nas ce ke. Ni labari nake ji a bakin mutane."

Sista ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Kwana huɗu ta yi a ɗakin nan. Jan da ke bayan ya fara washewa. Tsohuwa ta fara karɓar shayi, har ta fara faɗa a kan an sa sukari da yawa.

Ranar Litinin da yamma Dogo ya bugo, muryarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ce Mai Agogo ne ya fara miƙa hannu, ya bi zanen, allura biyu suka shige lafiya lau. Da sauran suka gani, kowa ya miƙa nasa. Sista ta ajiye wayar ta jingina da bango. Rabon da ta ji kafaɗunta sun sauka haka, ta manta.

To ga abin da ba ta sani ba. Mai Agogo tun Juma'a bai bari ruwa ya taɓa hannun nan ba, in zai yi wanka sai ya ɗaga shi sama. Duk da haka gumi ya ci tawadar, zuwa Litinin kibiyoyin sun dusashe. Dogo ya ce bari ya bi sawun ya ƙara musu baƙi. Dattijo ya janye hannu, ya ce a'a, a bar shi yadda ta yi. A zuciyarsa ba Dogo ne ya sa allurar ba, zanen ne ya sa. Ya koma gida yana lissafi. Saura mako uku, ga zafi, ga gumi. In zanen ya goge fa? Sai ya yanko leda mai haske ya naɗe wurin. Leda ta ƙi zama, tana zamewa. Ya buɗe akwatin aikinsa ya ɗauko 'yan robobin nan da yake ɗaure ƙananan kaya da su, ya sa biyu a sama biyu a ƙasa. Mutumin da ya shekara bakwai bai ɗaura agogo a hannun ba, shi da yake gyara wa gari agogo. Ya sani sarai. Amma ya ce wa kansa ai bai matse ba, kuma zuwa anjima zai cire. Barci ya ɗauke shi. Da safe ya ga zanen yana nan bai ƙara gogewa ba, ya ji daɗi, ya bar ledar. Bai iya lalubar hanyar ta cikin leda ba, sai ya ce ai tana nan. Kwana biyu haka. Garin neman gira aka rasa ido.

Laraba da safe, a bayan ƙofar asibiti ya tsaya ya cire ledar ya cusa a aljihu. Dogo ya ɗora yatsu. Ya ɗaga ya sake ɗorawa. Ya sa abin sauraro a kunne. Shiru. Aka kira likita, aka ja labule, aka tura dattijo ɗakin tiyata ko za a iya buɗe ta. Jini ya riga ya daskare a ciki. Kafin azahar an sa masa roba a wuya.

Su kuwa biyar ɗin nan suna zaune a gadajensu suna gani. Malama ta naɗe hannunta cikin mayafi ta ce, "Litinin ya huda, Laraba ta mutu. Ni dai na koyar da lissafi." Dogo ya ce ba allura ba ce. Likita ya zo ya ce ba allura ba ce. Suka ce ai dama likita nasa zai kare. Da ƙyar aka lallashi biyu suka yarda. Uku suka sa takalmansu suka tafi gida ba wanki, Malama da Direba da wani mai shago. Suka ce sa dawo in Sista ta dawo.

Da la'asar wayar Dogo ta shigo, Sista tana ba tsohuwa shayi a cokali. Ta fita tsakar gida ta saurara. Da ta dawo ta ɗauki cokalin, ta kasa samun bakin uwarta.

"Mene ne?"

Ta gaya mata. Ta ce in mutum ya tsallake wanki ɗaya ruwa ya taru, in ya tsallake biyu yana iya hawa huhu. Ta ce akwai wani a cikinsu da ba ya jin magana a kan ruwa.

"Su nawa ne?"

"Uku, Inna."

"Ni ɗaya ce." Tsohuwa ta kau da kai daga cokalin. "Ko a kasuwa uku sun fi ɗaya. Juya ni in fuskanci bango, ki je ki haɗa kayanki."

"Inna, zan yi musu magana in dawo. Kwana biyu."

"Na ce ki juya ni."

Ta juya ta. Ta koya wa matar ƙaninta yadda ake tokare ƙugu, ta maimaita sau uku har matar ta fara jin haushi. Alhamis ta yini a mota. Juma'a tun kafin masu shara su gama ta shigo ɗakin wanki da jakar tafiyarta a hannu, ta tura ta ƙarƙashin tebur.

Duk shidan sun zo, labari ya riga ta. Suna ganinta ɗakin ya ɗauki murna, sannu da zuwa, ya mai jiki, Allah ya kawo ki. Ta wuce gado na ɗaya inda Mai Agogo ke kwance da farar filasta a wuya, fuskarsa a bango. Ta kama hannun daman. Ta ɗora yatsu uku, ko da yake ta sani. Kamar ka taɓa igiya. Zanenta yana nan a gefe, kibiya biyu da ɗigo uku, sun dusashe amma ba su goge ba. Sama da su kuma, da ƙasa da su, ga wasu zobba biyu sun zagaye hannun, fata ta yi ɓawo inda abu ya ci ta.

Ta ɗago ta dubi Dogo.

"Na gani tun Laraba," ya ce a hankali. "Na tambaye shi ya ce hannun riga ne. Dattijo ne, Sista, ga rashin da ya yi. In tona shi a gaban mutane?"

Ta sunkuya. "Baba, me ka ɗaura?"

Ya gaya mata, da ledar, da robobin, da kwana biyun. Ya ce, "Don kada ya goge ne, 'yata. Naki ne."

Ita ta zana. Ita ta ba shi abin da zai riƙe maimakon mutum. Ta ce, "Baba, ka faɗa da ƙarfi. Dogo bawan Allah kwana biyu yana ɗauke da kayan da ba nasa ba."

Ka san dattijo da kunya. Amma ya yi. Ya tashi zaune, ya ɗaga hannun kowa ya ga zobban, ya faɗa tun daga farko har ƙarshe. Ya ce allurar Dogo ko zafinta bai ji ba. Ya ce Dogo ya yafe masa.

Sista ta ja numfashi, ta ce a ranta to an wuce wurin. Sai Malama ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, Baba. Ai da tana nan da ba ka ɗaure ba."

"Gaskiya ne," in ji mai shago. "Da tana nan ina ruwansa da leda?"

Suka fara naɗe hannayen riga, kowa yana miƙo mata nasa.

Sista ta tsaya tana kallon hannayen nan biyar. Sai ta jawo kujera ta ajiye a tsakiyar ɗaki, ta zauna, ta harɗe hannuwanta a ƙirji.

"Yau ba zan taɓa kowa ba. Ga Dogo nan. Ya yi muku ranar Litinin, duk kun tafi gida da ƙafafunku. Ina zaune ina kallo, in ya kauce zan yi magana. Uwata tana can kwance fuskarta a bango. Ni ma 'yar wani ce."

"Haba Sista, fushi kike da mu?"

"Ba fushi ba ne, Malama. Wata rana mutuwa zan yi. Ranar ku bi ni kabari da hannuwanku?"

Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya juya wajen Dogo. Shi yana tsaye da tire, allurai a jere. Minti biyar. Minti goma. A waje masu layin rana sun fara taruwa a benci. Biyun da suka yarda ranar Laraba ma yanzu sun ɓoye hannu, tunda ga ta a zaune.

A cikin shirun nan ne ta fara jin numfashin Direba. Tun shigowarta ta ga fuskarsa ta kumbura, ido ya shige ciki, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Yau bai yi wasan makullai ba, da aka ɗora shi a sikeli kilo bakwai ya ƙaru. Bai iya kwanciya ba, a zaune yake ya dafa gwiwa, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Rabonsa da inji tun Litinin.

"Direba, ka ba shi hannu. Don Allah."

Ya cusa hannun a hammata ya danne. "Sista... ke... dai."

"Ruwa ya hau maka huhu. Ka ba shi hannu."

Ya girgiza kai. Ba taurin kai ba ne, tsoro ne, tana ganinsa a idonsa. Ta damƙe hannuwanta a ƙirji har farce ya shiga nama. Ta san in ta tashi yau ta tashi ke nan har abada. In ta ƙara minti goma wataƙila ya miƙa. Wataƙila kuma ya faɗi. Ya yi tari, kumfa ta fito a gefen bakinsa.

Dogo ya ajiye tiren a kan gadon Direba. Ya zaro safar hannu daga kwali, ya zo ya tsaya a gabanta ya miƙa mata.

"Sista, ki tashi. Yau ba ranar koyar da darasi ba ce."

Ta dube shi. Shi ma idonsa ya yi ja. Ta karɓa ta sa.

Direba ya saki hannun tun kafin ta iso. Ta ɗora yatsu uku, ta juya fuska bango, amma yau ba ta zolayi kowa ba. Allura ta shige, ta biyu ta shige. Dogo ya kunna inji, jini ya bi roba ya tafi. To wanda ya yi wa ɗaya, da wane baki zai hana huɗu? Ta bi su gado gado. Malama ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ko ji ban yi ba." Dogo ya koma gado na ɗaya ya haɗa Mai Agogo ta robar wuya, aikin da ba ya bukatar allura. Shi kaɗai ne a ɗakin ya bar Dogo ya taɓa shi.

Bayan awa ɗaya numfashin Direba ya fara sauka, har ya jingina da matashi ya ce a ba shi ko ɗigon ruwa ne ya jiƙa leɓe. Wayar Sista ta yi ƙara a aljihu. Ta cire safa ta fita baranda. Ƙaninta ne.

"Yaya, Inna ta ce in tambaye ki, ukun nan sun rayu?"

"Sun rayu."

Ta ji ya juya yana gaya wa tsohuwa.

"Ta ce to madalla."

"Ba ta wayar."

"Ta ce barci take ji." Ya rage murya. "Tun jiya ba ta karɓi shayin ba. Yaushe za ki dawo?"

Ta buɗe baki. Ta cikin gilashin ƙofa tana hango su a jere, kowa da hannunsa shimfiɗe a kan matashi, kowa ya juyo yana kallon inda ta fita. Injin gado na huɗu ya fara kuka, Dogo ya nufi wurin, mai gadon ya ɗaga ɗayan hannun ya tsayar da shi yana nuna ƙofa.

"Zan kira ka," ta ce. Ta mayar da wayar aljihu, ta tura ƙofar ta koma ciki.